Wa Zai Fito Baranda Bayanki, Gwaggo?

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, Allah ya yi wa Gwaggo mai gawayi rasuwa, wadda mu 'yan wannan majami'a muka fi sani da Gwaggon Baranda. Da hantsi ta yanke jiki ta faɗi a rumfarta, tana cikin ɗaure wa wata mata gawayi a leda. Maƙwabta suka kai ta asibiti, amma kafin rana ta raba rai ya yi halinsa. Ranar Juma'a aka kai ta makwancinta. Ranar da ta rasu, ina tsakar gida ina wanke-wanke Mama ta shigo da labarin. Ba ta tsaya wurina ba, ɗakin Yayata ta wuce, domin ta san wanda mutuwar nan ta fi yi wa rashi a gidanmu.

Ni ba mai iya magana a gaban jama'a ba ce, kowa ya san haka. Ranar jana'iza da aka ce wani daga cikin yara ya tashi ya ce wani abu, Malamarmu ta makarantar Lahadi ta dube ni, ni kuwa na dubi takalmina. Daga baya ta ce in rubuta abin da ke raina, ita za ta karanta a sujadar godiya da iyalin marigayiya suka shirya. Ta yi mini alkawari ba za ta tsallake ko layi ɗaya ba. Karatuna bai yi nisa ba, bara na gama firamare, saboda haka a yi haƙuri da yadda zancen zai fito. Gwaggo, da ke zan yi maganar, don a gabanki kaɗai muryata ba ta rawa.

Akwai baƙi da suka zo daga nesa, ba su san dalilin wannan suna naki ba, bari in faɗa musu. A majami'armu, idan jariri ya fara kuka ana tsakiyar sujada, ɗaya daga cikin masu tsaron ƙofa yakan zo a hankali ya taɓa kafaɗar uwar, ya nuna mata hanyar waje. Ba da faɗa ake yi ba, har da murmushi. Uwar takan tattara jakarta ta fita kanta a sunkuye, idanun mutane na bin ta. A da, in ta fita to ta fita ke nan, sai ta yi ta zagaya harabar da ɗa a kafaɗa har a tashi. Tun kafin a haife ni kika jawo wani tsohon benci kika ajiye a baranda, kusa da ƙofar gefe. Uwa na fitowa sai ki miƙa hannu ki ce, "Kawo shi nan, koma ki ƙarasa abin da ya kawo ki." Tun daga lokacin ba ki ƙara zama a ciki ba. Mama ta ce ni ma na sha kuka a bayanki, har na taɓa yi miki abin da ya fi kuka a kan sabon zani.

Sana'arki gawayi ce, duk mako hannuwanki baƙi ƙirin suke har gwiwar hannu. Amma duk wanda ya bi ta ƙofar gidanki ranar Asabar da yamma zai same ki zaune da bokiti da soso, kina dirzar hannu kamar kuna faɗa, kina ciro baƙin ƙarƙashin farce da tsinke. Na taɓa tambayarki ko ba ya yi miki zafi. Kika ce, "Uwa ta sha wahala ta goge wa ɗanta farar riga, ni kuma in mayar mata da shi kamar gindin tukunya?" A jakarki ta Lahadi ba a rasa biskit, da tsumma mai tsabta, da wasu tsofaffin makullai da kika ɗaure wuri ɗaya don a riƙa kaɗa wa mai rigima. Yawancinmu ranar Lahadi da safe muke fara shirin sujada, a gaban madubi. Ke tun Asabar kike farawa, a gaban bokiti.

Ina aji huɗu muka saba sosai. An ba mu aya mu haddace, kowa zai fito gaban ikilisiya ya faɗa. Na iya tawa tsaf, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta. Amma da aka kira wadda ke gabana, na ga an miƙa mata makirfo, sai na sulale ta ƙofar gefe. Na yi zaton za ki kora ni ciki. Kika dube ni sama da ƙasa, kika ɗora mini wata jaririya a cinya kika ce, "Riƙe wannan, ita ba ta tambayar aya." Da jaririyar ta yi barci kika ce in faɗa mata ayar a kunne, kada haddar ta tafi a banza. Na faɗa, ban yi tuntuɓe ba. Kika ce, "To, an ji. Wanda aka yi dominsa ba kurma ba ne." Daga ranar na zama 'yar baranda, duk lokacin da Mama ba ta sa mini ido ba.

Shugaban masu tsaron ƙofa, wanda kowa ke kira Mai Kwat saboda ko zafi ya fi ƙarfin fanka ba ya cire kwat ɗinsa, shi ne abokin tsokanarki. Duk sanda ya rako wata uwa waje sai ki ce, "Ɗan sandan sama, yau kuma wa aka kama?" Shi kuma ya ce, "Gwaggo, a rage murya, ana wa'azi." Ki ce, "Ai ina ji. Tun ɗazu yake cewa na ƙarshe, har yanzu ƙarshen bai iso ba." Sai ya toshe baki da hankici ya koma ciki kafaɗunsa na rawa. Ban kawo wannan don in ɓata shi ba. Mutumin kirki ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinki. Aikin da aka ba shi yake yi.

Yanzu zan zo kan ɗan Yayata, domin saboda shi na yarda na yi wannan rubutu. Ya kusa shekara biyar amma bai fara magana ba. Likita ya ce haka halittarsa take, sai haƙuri da lallashi. Ba ya son a taɓa shi ba shiri, ba ya son ƙara. Idan ganga da lasifika suka haɗu yakan toshe kunne ya kurma ihu mai tsawo wanda ake ji har bakin titi, wani lokaci ya buga kansa da bango. Ke kika sa masa suna Jiniya, kuma a bakinki kaɗai sunan ba ya yi wa Yaya ciwo. Ubansa ya tafi neman aiki tun yaron yana goye, yanzu ko wayarsa ba ta shiga. Yaya ta dawo gidanmu tana ɗinki a ɗaki, ƙafa a kan keke, ido a kan yaro. Ba ta zuwa biki, kasuwa ma sai a gurguje. A duk mako, lokacin sujada ne kaɗai take zama hannunta babu kowa, ba ta tunanin ina ya nufa, me ya ɗauka.

Ranar da aka fara fitar da su ya riga ya wuce jariri, ya yi nauyi, yana harbi da ƙafa. Yaya ta ce miki, "Gwaggo, wannan ba irin waɗanda kika saba ba ne, zai ji miki ciwo." Kika ce, "Buhun gawayi nake ɗauka, 'yar nan. Shiga." Ya cije ki a damtse ranar har jini ya fito, kika rufe wurin da mayafi don kada Yaya ta gani. Sannu a hankali kika gano dabararsa. Kikan zaunar da shi a cinya, ki manna kunnensa ɗaya a ƙirjinki, ki rufe ɗayan da tafin hannu, ki naɗe shi da zani tam, sannan ki riƙa bin waƙar da ake yi a ciki da gunji can ƙasan maƙogwaro. Kullum mawaƙa suna gabanki da layi guda, muryar kuma ba daɗi, ke ma kin sani. Amma sai jikinsa ya saki. Ta tagar gefe nakan hango Yaya a layin baya, idonta a rufe, tana waƙa. A gida ban taɓa jin ta yi waƙa ba tun da ta dawo.

Wata Lahadi na tambaye ki abin da ya daɗe yana damuna. A makarantar Lahadi an koya mana cewa sujada ita ce mu taru mu yi waƙa, mu yi addu'a, mu ji Maganar Allah, mu ba da baiko, wato sadakar majami'a. Ke kuwa waƙa rabi kike ji, wa'azi ta taga, lokacin addu'a idonki a buɗe don kada wani ya rarrafa ya faɗa kwata. Na ce, "Gwaggo, ke yaushe kike yin taki sujadar?" Kina share wa wani yaro majina, ba ki ko ɗago ba kika ce, "Me kike gani ina yi?" Na ce reno. Kika ce, "Na yi shekaru ina zama a ciki, layi na biyu, ina waƙa cewa na ba Allah duka. In fito in duba, ban ba da komai ba, daɗi kawai na ji. Nan kuwa in na tashi bayana na ciwo, na san an karɓi wani abu." Sannan kika ƙara, "Amma kada ki je ki ce na ce waƙa banza ce. Don uwarsa ta samu ta yi waƙar nake zaune a nan." Na tafi gida ina juya maganar. Har yau ban gama gane ta ba, amma ta ƙi fita daga kaina.

Tsohon Fasto, wanda ya yi ritaya, shi ya san da zamanki. Ranar Jibin Ubangiji, da ake raba wa masu bi gurasa da ruwan inabi, in ya gama da na ciki, yakan fito da faranti da ƙoƙo har baranda. Sau da yawa hannuwanki duka a cike suke, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a cinya, ga na goye, sai shi da kansa ya sa miki gurasar a baki kamar ke ce jaririyar. A nan kaɗai nake ganin kin rufe ido. Da ya tafi aka kawo sabon Fasto, ba wanda ya tuna ya gaya masa akwai mutum a waje. Ke ma ba ki faɗa ba. Na ce bari in gaya wa Mama ta yi magana, kika ce in kika ji zancen a bakin wani sai kin murɗe mini kunne. Haka kika kusa shekara ba ki ci Jibi ba, alhali ƙofa ɗaya ce tsakaninki da teburin.

A nan ne nake jin haushinki, Gwaggo, kuma yau zan faɗa tun da ba ki nan balle ki harare ni. Ba ki iya neman taimako ba. In wata mata ta ce bari ta zauna ta taya ki, sai ki ce ba ta iya riƙon yaro ba, ki kora ta ciki. Wasu suka ji haushi, ba su ƙara tayi ba. Tarin nan da ya kama ki, ɗanki direba ya zo da mota har ƙofar gida zai kai ki asibiti, kika ce ƙurar gawayi ce, kin fi likita saninta. Ƙafafunki suka kumbura har takalmi ya daina shiga, kika koma zuwa da silifas ɗin wanka. Lahadinki ta ƙarshe ba ki iya tashi daga bencin ba, Jiniya na ƙirjinki, gunjin yana yankewa saboda numfashi ya yi miki wuya. Na ce ki huta. Kika ce, "In huta a ina, a ciki? Can ai gyangyaɗi zan yi." Kin sabar mana cewa baranda ba damuwar kowa ba ce, taki ce ke kaɗai. Sai kika tafi kika bar ta, ba wanda ya koyi komai.

Ranar jana'izarki majami'a ta cika har waje. Aka shigo da akwatinki aka ajiye a gaba, kusa da teburin. Ina kallo na ce a raina, tun da na yi wayo, yau ce rana ta farko da Gwaggo ta kasance a ciki daga farkon sujada har ƙarshe. An yi jawabai masu daɗi. Wani dattijo ya ce ke mace ce mai sanyin hali wadda ba a taɓa jin muryarta ba. Na ga matan da kika sha yi wa tsawa a kan jiƙaƙƙen ƙunzugu suna kallon juna. Wata ta ce kujerarki ba ta taɓa zama babu kowa ba. Wace kujera? Mawaƙa suka yi waƙa har mutane suka yi ta hawaye, ni ma na yi. Amma duk wannan lokacin akwai wasu mata a harabar suna zagaye da 'ya'ya a kafaɗa. An fitar da su, ba su ji ko jawabi ɗaya ba.

Lahadin da ta biyo baya Yaya ta ce za ta gwada. Muka zauna a layin ƙarshe da Jiniya, ta sa masa auduga a kunne. Ya daure har aka gama waƙoƙin farko, yana ta waiwayen ƙofar gefe. Sai Fasto ya ce kowa ya miƙe a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da ke. Garin ajiye makirfo lasifika ta yi wannan ƙara mai tsaga kunne, sannan wuri ya yi tsit. Cikin wannan shirun Jiniya ya saki ihunsa. Kawuna suka juyo. Wata mata a gabanmu, wadda ranar Juma'a ta fi kowa kuka, ta ja tsaki ta ce, "Ko darajar mamaciya ba za a duba ba?" Mai Kwat ya taho a hankali ya taɓa kafaɗar Yaya. Muka fita. Jiniya ya fizge ya ruga wurin bencin, ya tsaya yana dukansa da tafin hannu, yana leƙa ƙarƙashi. A ciki kuwa aka ƙarasa miki shirunki lafiya lau.

Mama ta kai maganar wurin shugabar mata. Gaskiya ba a yi watsi da ita ba. Aka zauna taro, aka ce abin da Gwaggo ta yi ba zai tafi a banza ba. Aka yi wa bencin fenti, aka rubuta sunanki a jiki. Sannan aka haɗa hannu aka sayo sabuwar lasifika aka kafe ta a bango, daidai saman bencin, domin iyayen da aka fitar su riƙa jin sujada daga waje. Kowa ya yaba da shawarar. Ba a tambayi ko uwa ɗaya ba. Ba kuma wanda ya ce shi zai zauna.

Na roƙi Yaya ta sake gwadawa, na ce ni zan riƙe shi, ai na ga yadda kike yi. Ta dube ni ta ce, "Auta, ke da iska ke ɗauka?" Amma ta yarda. Ta shiga, na zauna da shi a kan sabon fenti. Na manna kunnensa a ƙirjina, na rufe ɗayan, na fara gunji. Tafina bai gama rufe kunnen ba, ƙirjina ƙashi ne zalla, muryata kuma ba ta da wannan kaurin. Duk da haka ya ɗan lafa, har na fara murna. Sai aka kunna lasifikar. Ganga ta faɗo mana a ka kamar an kifar da tukwane. Ya kufce daga hannuna, ya buga goshi da gefen bencin, wurin ya fashe. Yaya ta fito a guje tun ba a kai rabin waƙar ba, don ta san muryar ɗanta ko a cikin wace irin hayaniya. Ta sungume shi, jini na ɗiga a rigarta, muka tafi kemis aka wanke aka sa filasta. Wasu sun leƙo ta taga, na gan su. Waƙa dai ba ta tsaya ba.

Da muka isa gida Yaya ta cire ɗankwalinta na zuwa majami'a ta ninke ta sa can ƙasan akwati. Mama ta ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata, Allah ai yana ko'ina, ya ga abin da ya faru." Yaya ta ce, "To shi ke nan, Mama. Tun da yana ko'ina, bari in zauna inda ba a korata." Baba ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Baba, ban yi fushi da Allah ba. Na gaji ne da shiga gidansa ina ba mutane haƙuri." Lahadin da ta wuce muna shirin fita, ita tana kan keken ɗinki, ba ta ko ɗago ba da muka yi mata sai mun dawo.

Gwaggo, ni yarinya ce, ba ni da ilimin da zan koya wa manya ma'anar sujada. Tambaya kawai nake da ita, wadda na saba tambaya kuwa ta tafi. Muna zuwa da tufafi masu kyau, muna ɗaga hannu, muna cewa Ubangiji ga mu, ka yi yadda kake so da mu. To in abin da yake so shi ne mu rasa wa'azin yau don wata ta samu, mun yarda? Ko kuwa abin da za a iya bayarwa a zaune, ƙarƙashin fanka, shi kaɗai muka yarda da shi? A bangon ajinmu na makarantar Lahadi akwai hoton Yesu da yara kewaye da shi, duk tsaf-tsaf, duk suna murmushi. Nakan tsaya in duba ko akwai mai ihu a cikinsu, ko mai majina. Babu. Amma ban yarda cewa a ainihin ranar babu irinsu ba, kuma ban taɓa jin an ce ya sa an fitar da wani ba. Na san shiru yana da kyau a gidan Allah. Ni ma ina son shiru, wataƙila fiye da kowa a nan. Sai dai shirun da muka saba samu duk Lahadi, ke kike ɗauke mana nauyinsa a waje, mu kuma muna ciki muna zaton natsuwarmu ce ta kawo shi.

Yaya ta yarda za ta zo yau, sau ɗaya, saboda ke. Ta ce ba za ta iya zama a gida ana yi wa Allah godiya a kan rayuwarki ba. Amma ba za ta shiga ba, ni ma haka. Lokacin da Malama ke karanta wannan muna waje, ba a kan bencin ba, can bakin tankin ruwa inda ƙarar lasifika ba ta kai sosai. In kun ji ihu yana shigowa ta taga, mu ne. Iyayena da ke ciki, ina roƙo da girmamawa a kashe lasifikar baranda, ko a rage ta. Sannan wani mai ƙarfi a hannu ya fito ya zauna. Ba yau kaɗai ba, ba kuma mutum ɗaya ba, kada a sake bar wa mutum ɗaya har ya mutu a kai. Ba sai wanda ya iya ba. Zan nuna yadda ake riƙe shi, wannan kam na iya, ƙarfin ne ba ni da shi. Da farko zai yi cizo, gara in faɗa tun yanzu. Na tambayi Yaya me za ta yi in ba wanda ya fito. Ta ce ba za ta riƙe kowa a rai ba, za ta gaisa da iyalin Gwaggo ta koma gida, shi ke nan.

Gwaggo, Allah ya ji ƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, har da taurin kan da ya hana ki zuwa asibiti. Ubangiji Yesu wanda kika bauta wa ya karɓe ki da hannu biyu, ya ba ki hutun da kika ƙi yi a duniya, ya tashe ki tare da masu adalci a rana ta ƙarshe. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Baba da Mama da Yaya, ga ɗanki direba da matarsa, da 'yarki da ta taho daga nesa ba ta same ki da rai ba, da jikokinki, da maƙwabtan rumfarki da suka ɗauke ki ranar nan. Allah ya ta'azantar da ku, ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku inda take tsaya muku. Ina kuma yi wa dukan iyayen da suka taɓa miƙa miki ɗa a ƙofar gefe ta'aziyya, don su ma uwa suka rasa. Allah ya ji tausayin mu da muka rage, ya buɗe mana ido. Ya kuma riƙe Yayata, kada ta fita daga hannunmu muna tsaye muna waƙa. Amin.